Janar Murtala Ramat Muhammad: Tarihin Wani Sojan Sigina

Gabatarwa

Duk inda aka ambaci sunan Janar Murtala Ramat Muhammad a ƙasar Hausa, abin da yakan fara faɗo wa mai sauraro a rai shi ne mulkinsa na kimanin kwana 200, da kisan gillar da aka yi masa ranar Jumma'a, 13 ga Fabrairu, 1976. Wani ya tuna da hotonsa a jikin takardar Naira 20, wani ya tuna da filin jirgin saman Ikko, wani kuma asibitin birnin Kano. Amma kaɗan ne sukan tuna da sana'ar da ya koya, wadda a cikinta ya yi mafi yawan shekarunsa na soja. Murtala ma'aikacin sigina ne, watau hafsan da aka horar a kan wayar tarho da wayar iska da sauran na'urorin lantarki waɗanda soja ke aika saƙo da su. Bai sami digirin injiniya a wata jami'a ba. A makarantun soja ya koyi aikin, ya kuwa kai ƙololuwarsa a Nijeriya.

Manufar wannan maƙala ita ce a bi tarihin rayuwarsa ta wannan fuska. Idan aka yi haka, za a ga cewa sana'ar sigina ce ta buɗe masa yawancin ƙofofin da ya shiga, kuma da ma'auninta ne za a fi iya auna inda ya yi nasara da inda ya yi tuntuɓe.

Waya da Mulki a Ƙasar Hausa

Kafin zuwan Turawa, saƙon sarauta a kan doki yake tafiya. Wasiƙar da ta tashi daga Sakkwato zuwa Gwandu, ko zuwa Kano, sai manzo ya yi kwanaki yana sukuwa da zango kafin ta isa. A cikin gari kuwa tambari da kakaki da mai shela su ne ke sanar da jama'a. Labarin kasuwa shi ma a bakin fatake yake, su kawo shi manyan kasuwanni irin ta Jega tare da goro da gishiri.

A shekarar 1886 aka haɗa Ikko da Ingila da wayar tangaraho ta ƙarƙashin teku. Bayan da aka kafa rundunar sojan Turawa ta Afirka ta Yamma a 1897, sai aka dinga jan waya daga kudu zuwa arewa, tana bin sawun soja. Amfaninta ga masu mulki ya bayyana a watan Fabrairu na 1906, sa'ad da mutanen Satiru, kusa da Sakkwato, suka kashe Turawa uku da sojoji masu yawa. Ta waya labarin ya riski Gwamna Lugga a Zungeru, ta waya kuma aka tattaro dakaru daga wurare daban-daban. Kafin a cika wata guda an mai da Satiru kufai. Tun daga wannan lokaci ya tabbata cewa wanda ke riƙe da waya ya riga abokin gabarsa jin labari, ya kuma riga shi shiri.

Harshen Hausa ma ya ajiye shaidar wannan tarihi. Kalmomin waya da tangaraho da tarho da rediyo da sigina duk aro ne daga Ingilishi. Da aka zo da na'urar da ke aika magana ba tare da zaren ƙarfe ba, sai Bahaushe ya kira ta wayar iska. Ƙaramar na'urar da soja da 'yan sanda ke riƙewa a hannu kuwa ya raɗa mata oba-oba, saboda kalmar da yake ji suna maimaitawa a ƙarshen kowace magana.

Haihuwa da Karatu

An haifi Murtala a Kano ranar 8 ga Nuwamba, 1938. Ya yi karatun elementare a cikin birni, ya wuce Midil ta Kano, wadda ta zama Kwalejin Rumfa, daga nan ya tafi Kwalejin Gwamnati ta Zariya, wadda aka fi sani da Barewa, ya gama a 1957. Wannan kwaleji ita ce magajiyar Kwalejin Katsina, inda Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. A shekarun 1950 shugabannin Arewa sun dage wajen jawo hankalin ɗalibanta su shiga soja, don kada a sami mulkin kai alhali Arewa ba ta da hafsoshi. Zakariya Maimalari da Yakubu Gowon duk ta nan suka biyo.

Murtala ya shiga soja a 1958. Ya fara samun horo a Teshie ta ƙasar Gana, sa'an nan aka tura shi makarantar hafsoshi ta Sandhurst a Ingila. A 1961 ya fito da muƙamin ƙaramin laftana, aka sa shi a sashen sigina, ya kuma yi kwas a makarantar sigina ta Catterick. Ya yi aiki a cikin rundunar kiyaye zaman lafiya ta Majalisar Ɗinkin Duniya a Kwango. A 1962 ya zama dogarin Dakta Moses Majekodunmi, wanda aka naɗa ya riƙe Jihar Yamma a lokacin dokar ta-ɓaci. A 1963 aka ba shi shugabancin ƙungiyar sigina ta Birged ta Ɗaya a Kaduna, ya sake komawa Catterick don ƙarin ilmi, a 1964 kuma ya karɓi rundunar sigina ta Apapa a Ikko yana manjo.

Mene ne Aikin Sigina?

Ya kamata a ɗan tsaya a nan a bayyana abin da hafsan sigina yake koya, domin yawancin mutane ba su san aikin ba sai ganin soja goye da akwati mai dogon tsinke.

Abu na farko shi ne sanin halin igiyoyin rediyo. Igiyoyin gajeren zango sukan tashi sama su bugi wani rufi na sararin samaniya mai ɗauke da ƙarfin lantarki, su dawo ƙasa a wuri mai nisa. Da su ne barikin Kaduna ke iya magana da hedkwata a Ikko ba tare da waya ba. Sai dai wannan rufi yana canza hali tsakanin dare da rana, saboda haka tilas ma'aikaci ya san mitar da za ta yi aiki da hantsi da wadda za ta yi da tsakar dare. Akwai kuma igiyoyin da suka fi waɗannan gajarta, waɗanda ke tafiya a miƙe kamar hasken fitila. Muryarsu ta fi fita tangaran, amma dutse ko tudu yakan tare su. Don haka sai an ɗaga eriya sama, ko a kafa tashoshi jere da juna, kowace ta karɓa ta miƙa wa ta gaba.

Abu na biyu shi ne kula da na'ura. Batir yakan mutu, janareto yakan tsaya, laimar damina da ƙurar hunturu sukan ɓata kaya. Zamanin Murtala kuwa zamanin sauyi ne: ana barin manyan na'urori masu kwalaben wuta, masu nauyi da cin batir, ana komawa ga taransisto, wanda aka ƙago a Amurka a 1947. Wannan ƙaramin abu shi ne kuma ya kai akwatin rediyo ƙauyuka da rugage, har manomi ya riƙa jin Kaduna da Landan a gindin bishiya.

Abu na uku shi ne sirri. Duk abin da aka faɗa a wayar iska, abokin gaba yana iya ji. Saboda haka ake juya saƙo da lambobi da kalmomin ɓoye. Ma'anar wannan ita ce, babu umurnin da zai fita daga hedkwata, babu rahoton da zai shigo, face ya ratsa hannun 'yan sigina. Rundunarsu ƙarama ce, amma suna da mutum a kowane bariki.

Shekarar 1966

A ƙarshen 1965 Murtala yana riƙon shugabancin sigina na sojan Nijeriya baki ɗaya. Ranar 15 ga Janairu, 1966, wasu manjoji suka kashe Firayim Minista Tafawa Ɓalewa da Sardauna da Cif Akintola, tare da manyan hafsoshi irin su Birgediya Maimalari da Kanar Kur Muhammad da Laftana-Kanar Abogo Largema. Ta gidan rediyon Kaduna Manjo Nzeogwu ya yi wa jama'a jawabi. Mulki ya koma hannun Manjo-Janar Aguiyi-Ironsi, wanda a watan Afrilu ya ƙara wa Murtala girma zuwa laftana-kanar, ya zama sufeton sigina.

Rashin hukunta waɗanda suka yi kisan Janairu, da Doka ta 34 ta ranar 24 ga Mayu wadda ta rushe tsarin tarayya, sun harzuƙa sojojin Arewa. Masana tarihin wannan zamani sun haɗu a kan cewa Murtala ne jigon hafsoshin da suka shirya ramuwar gayya, kuma muƙaminsa ya ba shi damar da wani ba shi da ita wajen tuntuɓar barikoki. Wutar ta tashi a Abeokuta a daren 28 ga Yuli, kafin gari ya waye ta kama Ikeja da Badun. An kashe Ironsi da mai masaukinsa, Laftana-Kanar Fajuyi, da hafsoshi da ƙananan sojoji masu yawa 'yan Jihar Gabas. Murtala yana cikin masu ra'ayin a raba ƙasa, Arewa ta kama gabanta. Sai da aka shafe kwanaki ana muhawara a barikin Ikeja, manyan ma'aikatan gwamnati da jakadun Ingila da Amurka suna sa baki, kafin aka janye wannan ra'ayi. Ranar 1 ga Agusta Gowon ya yi jawabi ta rediyo a matsayin sabon shugaba.

Daga Ɗakin Waya zuwa Bakin Kwara

Yaƙin basasa ya ɓarke ranar 6 ga Yuli, 1967. Ranar 9 ga Agusta sojojin Biyafara suka ƙetare Kogin Kwara, suka mamaye Jihar Tsakiyar Yamma, suka kai har Ore a kan hanyar Ikko. Cikin gaggawa aka kafa Runduna ta Biyu, aka ɗora Murtala a kanta, ga shi kuwa bai taɓa jagorantar bataliyar mayaƙan ƙasa ba. Ya tattara duk wanda ya samu, har da sababbin ɗauka da ma'aikatan ofis, ya kora abokan gaba baya. Ranar 20 ga Satumba ya kama Binin. Wannan nasara ce babba, kuma zafin namansa ne ya kawo ta.

Amma abin da ya biyo baya yana da nauyi. Ranar 7 ga Oktoba, 1967, sojojin rundunarsa suka harbe ɗaruruwan maza farar hula a Asaba. Mutanen garin suna juyayin wannan rana har yau, kuma babu tarihin Murtala na gaskiya da zai tsallake ta, tun da shi ne kwamandan rundunar. Bayan haka, da ya tarar an karya gadar Kwara, sai ya ƙudura ƙetarawa zuwa Anacha da jiragen ruwa. Hedkwata ta ba da shawarar a zagaya ta arewa, ta Idah, inda babu abokan gaba a ɗaya gaɓar. Bai karɓa ba. Aka yi ta gwadawa ana komowa da hasarar rayuka da makamai. Daga bisani sai da aka bi waccan hanya da ya ƙi, aka gangaro ta Inugu da Awka, kafin Anacha ta faɗi a watan Maris na 1968. A ƙarshen watan kuma aka yi wa ayarin motocin rundunar kwanton ɓauna a Abagana, aka ƙone shi.

A nan akwai abin lura. Farkon abin da ake koya wa ɗan sigina shi ne na'urarsa tana da aiki biyu, aikawa da karɓa, kuma wanda ya danne maɓallin magana ba ya jin kowa sai ya saki. Murtala gwani ne wajen aikawa: umurninsa gajere ne, a fili yake, ba ya jiran gobe. A bakin Kwara kuwa an aiko masa da saƙo bai saurara ba, ɗaruruwan 'ya'yan talakawa suka biya da rayukansu.

Sufeton Sigina da Kwamishinan Sadarwa

A tsakiyar 1968 ya bar fagen fama, ya koma kujerarsa ta sufeton sigina yana kanar. Sojan Nijeriya, wanda bai wuce mutum 10,000 ba kafin yaƙi, ya kai kimanin 250,000 a ƙarshensa a 1970, saboda haka bukatar na'urori da ƙwararru ta ninka sau da yawa. Murtala ya yi kwas a kwalejin manyan hafsoshi ta Latimer a Ingila, ya zama birgediya a 1971. A wajen cinikin kayan sigina ne ya san Moshood Abiola, wakilin kamfanin ITT na Amurka, har suka ƙulla abota.

Ranar 7 ga Agusta, 1974, Gowon ya naɗa shi Kwamishinan Sadarwa na Tarayya, ya haɗa da aikinsa na soja. Abin da ya gada ba mai daɗi ba ne. A lokacin samun mulkin kai a 1960, layukan tarho a duk Nijeriya 18,724 ne, yawancinsu a ofisoshin gwamnati da kamfanonin Turawa. An buɗe tashar tauraron ɗan'adam ta Lanlate a 1971 don magana da ƙasashen waje, amma a cikin gida mutum yakan yini yana neman Kano daga Ikko bai samu ba. Ga kuɗin man fetur sun shigo bayan tashin farashi na 1973. Sai gwamnati ta shiga ba da manyan kwangiloli cikin hanzari. ITT ya sami babban rabo na kafa sababbin cibiyoyin tarho, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce shekara da shekaru. A tsakiyar shekarun 1970 ɗin ne kuma aka rungumi shirin ɗaga manyan balan-balan sama, a ɗaure su da igiya, a rataya musu na'urori, don su yi aikin doguwar eriya. Dabarar tana da tushe a ilmi, tun da iyakar tsawon eriya iyakar nisan da take gani. Amma shirin bai yi aiki ba, aka watsar da shi bayan an kashe kuɗi masu yawa. Sauri ya haifi nawa.

Kwana Ɗari Biyu

Ranar 1 ga Oktoba, 1974, Gowon ya janye alkawarin miƙa mulki ga farar hula a 1976. Ranar 29 ga Yuli, 1975, yana taron Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka a Kamfala, Kanar Joseph Garba ya sanar ta Rediyon Nijeriya cewa an tuɓe shi. Ba a zub da jini ba. Hafsoshin da suka shirya abin suka miƙa wa Murtala shugabanci, Olusegun Obasanjo ya zama na biyu, Theophilus Danjuma ya zama shugaban sojan ƙasa.

Salon mulkinsa salon saƙon sigina ne. Jama'a suka saba da kasa kunne ga rediyo, domin a nan ake jin hukunci, kuma nan take yake fara aiki. An sauke gwamnonin jihohi 12. An soke ƙidayar 1973. An sallami ma'aikatan gwamnati fiye da 10,000, wasunsu a rediyo suka fara jin sunayensu. Talakawa sun yi murna, amma an haɗa da marasa laifi, ba a kuwa ba su damar kare kansu ba. Masana da yawa suna ganin tun daga nan ma'aikaci ya daina amincewa da gobensa. Gwamnati ta karɓe jaridar New Nigerian da kashi 60 cikin 100 na Daily Times. An kafa kwamitin tsara tsarin mulki a ƙarƙashin Rotimi Williams, aka tsai da 1 ga Oktoba, 1979, ranar komawa mulkin farar hula. A watan Nuwamba na 1975 Nijeriya ta amince da gwamnatin MPLA a Angola, ranar 11 ga Janairu, 1976, kuma Murtala ya tsaya a Adis Ababa ya yi watsi da matsin lambar Amurka a kan wannan batu. Ranar 3 ga Fabrairu ya sanar da mai da babban birni Abuja da ƙara jihohi zuwa 19. A wannan rana ce aka raba Jihar Arewa maso Yamma, Jega da Aliero da Maiyama suka kasance cikin sabuwar Jihar Sakkwato, inda suka zauna har aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991.

Kwana goma bayan haka, da safiyar Jumma'a, aka tare motarsa a cunkoson Ikoyi yana kan hanyar zuwa Barikin Dodan ba tare da rakiyar masu tsaro ba. Aka harbe shi tare da dogarinsa, Laftana Akintunde Akinsehinwa. Yana da shekara 37. Jagoran masu tawayen, Laftana-Kanar Buka Suka Dimka, ya nufi gidan Rediyon Nijeriya ya yi shela. Sai dai ya kama makirufo ne kawai. Barikoki da kwamandoji ba su bi shi ba. Kafin rana ta faɗi dakaru a ƙarƙashin Kanar Ibrahim Babangida sun ƙwace gidan rediyon. An kai gawar Murtala Kano aka yi mata sutura, makaɗa da marubuta waƙoƙi na Hausa suka yi ta yi masa marsiyya.

Kammalawa

Hanyar da Murtala ya bi daga sigina zuwa ma'aikatar sadarwa, wasu sun bi ta a bayansa. Abubakar Tanko Ayuba, mutumin ƙasar Zuru a Jihar Kebbi ta yanzu, ya riƙe ma'aikatar daga 1985 zuwa 1987, David Mark ya gaje shi. Dukansu biyu hafsoshin sigina ne. A 1985 aka kafa NITEL. Duk da haka, har zuwa shekarar 2000 layukan tarho masu aiki ba su wuce kimanin 400,000 ba a ƙasa mai mutum fiye da miliyan 100. Sai a 2001, da aka sayar wa kamfanoni lasisin wayar salula, sa'an nan waya ta fita daga ofisoshi ta shiga aljihun talaka. Yau mai albasa a Aliero yana jin farashin Ikko da Anacha kafin ya ɗaure buhu, masu gyaran waya sun kafa rumfuna a kasuwar Jega, jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006 kuma tana horar da injiniyoyi. Dogayen turakun da ke ɗauke da wannan magana suna aiki ne bisa ƙa'idar da Murtala ya koya a Catterick: a ɗaga eriya sama, kowace tasha ta miƙa wa ta gaba.

Wanda zai rubuta tarihin wannan bawan Allah, wajibi ne ya haɗa Binin da Asaba, ya haɗa Abuja da ma'aikatan da aka sallama ba shari'a. Ya san darajar saƙo mai sauri fiye da yawancin tsararrakinsa, ƙasa kuma ta amfana da haka. Inda ya tsaya ya saurari mashawarta, kamar a batun jihohi da babban birni da tsarin mulki, waɗanda duk sai da ya kafa musu kwamitoci, aikinsa ya ɗore har yau. Inda ya yi gaban kansa, an yi kuka. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan dukan waɗanda suka rasa rayukansu a waɗannan shekaru.